Babi Na Bakwai: Ko Halitta Tana Iya Tsere Wa Haske?

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya ɗauki karatun tauhidi, ko da bai wuce Ummul Barahina ba, littafin nan na Shehu Muhammadu Sanusi mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, ya san cewa ba a shiga maganar siffofin Ubangiji sai an fara tsayar da almajiri a kan hukuncin hankali da rabe-rabensa uku, wato wajibi da mustahili da ja'izi, domin mutumin da bai iya rarrabe abin da ba ya yiwuwa sam da abin da ba a dai taɓa gani ba tukuna, kome aka ɗora masa a kan wannan tushe rushewa zai yi. Malamai sukan ƙara wani bambanci mai fa'ida, su ce hukuncin hankali daban, hukuncin al'ada daban. Cewa wuta tana ƙone auduga, al'ada ce ta sanar da mu, saboda mun ga abin yana maimaituwa ba fashi. Amma cewa abu ba ya zama samamme kuma rasasshe a lokaci guda, wannan hankali ne kaɗai ya yanke shi, ba ya jiran jarrabawa. Da wannan mizani nake so mu auna mas'alar wannan babi: ko akwai ranar da ɗan'adam zai yi tafiya, ko ya aika da saƙo, da saurin da ya wuce na haske, in kuwa an ce mustahili ne, to, wane irin mustahili ake nufi.

Abin da ya sa mas'alar ta hana masana barci shi ne nisan taurari. Haske yana cin kilomita 299,792 a daƙiƙa ɗaya, tafiyar da ta isa a kewaye duniyarmu sau bakwai da rabi, yana iso mu daga wata cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, daga rana kuwa cikin minti 8 da daƙiƙa 20. Amma duk da wannan azababben gudu, sai ya shekara 4 da wata 3 a hanya kafin ya zo daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kowane kusa da mu bayan rana. Kumbon nan Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, wanda har yanzu babu wani abu da hannun mutum ya ƙera da ya kai shi nisa, kilomita 17 yake ci a daƙiƙa, da kuwa can ya dosa, sai ya yi wajen shekara 75,000 kafin ya isa. Wannan fa maƙwabci ne na ƙofar gida. Gungun taurarin da muke ciki, wanda Larabawa ke kira Majarra, farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara 100,000.

Sanin cewa haske ma tafiya yake yi, bai zo wa mutane da sauƙi ba. Aristo, da galibin waɗanda suka bi shi ƙarni bayan ƙarni, sun tafi a kan cewa haske ba ya cin lokaci, da zarar ya bayyana ya riga ya cika wuri. Hasan ɗan Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna Alƙahira, shi ne a cikin Kitabul Manaziri, wanda ya wallafa tsakanin 1011 da 1021, ya kafa hujja cewa lalle haske yana bukatar zamani ya tashi daga wuri zuwa wuri, ko da zamanin ya yi ƙanƙantar da gaɓoɓinmu ba sa riskarsa. Biruni kuma, sa'ansa a zamani, ya lura cewa haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, abin da kowa ke shaidawa da damina in ya ga walƙiya kafin ya ji tsawa. Tabbatarwa da awo sai a 1676, lokacin da Ole Rømer, mutumin Denmak da ke aiki a gidan duban taurari na Faris, ya ga cewa Io, ɗaya daga watannin Mushtari, yana makara wajen husufinsa duk sa'ad da duniyarmu take nisantar Mushtari, ya gane cewa makarar ta hasken ce da hanya ta ƙaru masa. A 1849 Hippolyte Fizeau ya sauko da awon doron ƙasa da wata dabara da ta cancanci a tsaya a dube ta: ya sami faifai mai haƙora 720, ya ratsa haske ta tsakanin haƙora biyu zuwa wani madubi da ke nesa da kilomita 8 da ɗoriya, ya riƙa ƙara wa faifan juyi sannu sannu yana leƙe, har ya kai juyi 12 da rabi a daƙiƙa, sai hasken ya ɓace masa ɗif, domin kafin ya je ya dawo haƙori ya riga ya toshe kafar da ya fita ta ciki. Da wannan ya fitar da adadin da bai kauce wa na gaskiya ba sai da wajen kashi 5 cikin 100.

Har zuwa nan babu abin da ya saɓa wa tsammani, domin abu mai gudu, kome tsananin gudunsa, hankali yana sawwala wani ya fi shi. Al'amarin ya juya ne a 1887, sa'ad da Albert Michelson da Edward Morley, a garin Cleveland na Amurka, suka nemi su auna yadda tafiyar duniya take ƙara wa haske gudu ko ta rage masa, suka yi ta juya na'urarsu kowace fuska ba su sami bambancin da suke nema ba. Albert Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a Suwizalan, ya ɗauki wannan a matsayin asali a 1905, ya ce gudun haske a sarari ɗaya ne ga kowane mai awo, ko yana tsaye ko yana tafe. Wanda ya kunna fitila a goshin jirgin da ke gudu, da wanda ke tsaye a tasha yana kallo, in sun auna hasken fitilar adadi guda za su samu, gudun jirgin bai ƙara masa kome ba. Tun da gudu shi ne nisa a raba da lokaci, kuma gudun ya ƙi sauyawa, babu makawa nisan da lokacin su ne ke sauyawa: agogon matafiyi yana jinkiri a idon mazauni, tsawon hanya kuma yana taƙaituwa a idon matafiyi. Wannan ita ce nazariyyar dangantaka, kuma kada mai karatu ya ɗauke ta tatsuniyar malaman hisabi. Akwai wasu ƙwayoyi da ake kira miyon, waɗanda ke samuwa a can saman iska, wajen kilomita 15 daga ƙasa. Matsakaicin ransu bai fi kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa ba, abin da ba zai kai su mita 700 ba ko da gudun haske suke yi, amma ga su nan suna isowa ƙasa, kimanin ɗaya a kowane minti a kan gurbin da bai fi faɗin farce ba, saboda gudunsu ya jinkirta musu ajali a lissafin agogonmu.

Daga wannan asali ne katangar farko ta taso. Jirmi, wato abu mai nauyi, gwargwadon kusantarsa da gudun haske, gwargwadon yadda ƙarfin da ake zuba masa yake daina zama gudu: a kashi 87 cikin 100 na gudun haske makamashinsa ya ninka biyu, a kashi 99 da rabi ya ninka goma, daga nan kuwa sai hawa ba tsayawa, har lissafi ya nuna cewa kai shi ga gudun hasken kansa yana bukatar ƙarfin da ba shi da iyaka. A cibiyar CERN da ke kusa da Jeniba, cikin wani rami mai kewaye na kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Suwizalan da Faransa, ana ingiza ƙwayoyin furoton da maganaɗisu da lantarki har makamashinsu ya ninka wajen sau 7,000, suna zagaye ramin fiye da sau 11,000 a daƙiƙa, amma har yanzu haske yana gabansu da kimanin mita 3 a daƙiƙa, ratar da ba ta fi sassarfar mutum ba, wadda kuma duk wutar da aka ƙara ba ta rufe ta, sai dai ta rage. Nakan ji masu kyakkyawan zato suna cewa ai haka aka ce jirgin sama ba zai wuce gudun sauti ba, sai ga Chuck Yeager ya wuce shi a watan Oktoba na 1947. Wannan ƙiyasi ne tsakanin abubuwa biyu da ba su haɗa illa ba. Harsashin bindiga ya daɗe yana wuce sauti kafin a ƙera jirgin, kai, har bakin bulala yana wuce shi in ta yi ƙara. Matsalar ta maƙera ce, ta fiffike da inji. A nan kuwa ba a taɓa ganin ko ƙwaya ɗaya ta tsallaka ba, alhali sama da shekara ɗari ana dako.

Sau ɗaya aka yi zaton an gani. A watan Satumba na 2011 masu binciken da ake kira OPERA suka bayyana cewa ƙwayoyin niyutirino da ake harbowa daga CERN, suna ratsa ƙasa da duwatsu kilomita 730 zuwa ɗakin bincike na Gran Sasso a Italiya, suna riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa. Mutanen nan sun yi abin da ya dace da amanar ilimi, domin ba su buga ƙirji ba, sun shimfiɗa awonsu a gaban 'yan'uwansu suka roƙi a taya su neman kuskure. Wasu suka tunatar da cewa a 1987, da wani tauraro ya fashe a nisan tafiyar haske ta wajen shekara 168,000, niyutirinonsa da haskensa sun iso duniya a tsakanin 'yan sa'o'i, alhali da awon OPERA gaskiya ne, da niyutirinon sun riga hasken da kusan shekara 4. A watan Fabrairu na 2012 aka gano aibin: wata igiyar gilashi mai ɗaukar saƙon lokaci daga na'urar GPS zuwa babban agogonsu, ba a murɗa bakinta ya zauna daram ba. Da aka ɗaure ta aka sake awo, ƙwayoyin suka koma cikin haddi.

Yanzu mu zo ga zuciyar mas'alar, wadda a ganina ta fi batun makamashi nauyi, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Tun da lokaci ya bambanta tsakanin mai tafiya da mazauni, to, kalmar "yanzu" ma ba ta game kowa ba. In abubuwa biyu suka auku a wurare masu nisa da juna, irin nisan da haske bai sami zarafin ratsawa a tsakanin aukuwarsu ba, masu kallo biyu da ke tafiya daban za su iya saɓawa a kan wanne ya riga, wannan ya ce na gabas, wancan ya ce na yamma, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Wannan saɓani ba ya ɓata kome matuƙar babu abin da ke iya ratsawa daga ɗayan zuwa ɗayan, domin a lokacin babu wanda ya zama sababin ɗan'uwansa. Amma da za a sami saƙon da ya fi haske gudu ya haɗa su, to, lalle akwai mai kallon da a wurinsa karɓar saƙon ta riga aika shi. Tun da kuwa nazariyyar ba ta fifita wani mai kallo a kan wani ba, sai a iya jera saƙo biyu, ɗaya daga duniya zuwa kumbon da ke nisantarta da matsanancin gudu, ɗaya daga kumbon zuwa duniya, amsa ta iso tun ba a aika da tambaya ba. Einstein ya hango wannan tun 1907, Richard Tolman kuma ya zayyana shi a 1917. Mutum ke nan zai iya aika wa kansa na jiya cewa kada ya aika, in ya bi umarnin saƙon bai samu ba, in saƙon bai samu ba kuma babu abin da ya hana shi aikawa. Almajirin tauhidi ya san wannan da sunansa: dauri ne, tsayuwar abu a kan abin da shi ma a kansa ya tsaya, wanda mutakallimai suka ɓata shi tare da tasalsuli, wato jerin sababai marar iyaka, suka ƙidaya shi cikin abin da hankali ba ya karɓa. Saboda haka abubuwa uku ba sa taruwa: nazariyyar dangantaka, da saƙon da ya wuce haske, da gabatar sababi a kan musabbabi. Wanda ya nace wa na biyu, dole ya saki na farko, wanda awo ya gaskata sau ba adadi, ko ya saki na uku, wanda in ya tafi babu sauran ma'ana ga ilimi kansa.

Akwai abubuwan da ke kama da sun keta haddin alhali ba su keta ba, ba kuma sai mun daɗe a kansu ba. Haske a cikin ruwa yana sauka zuwa kilomita 225,000 a daƙiƙa, ƙwayar lantarki tana iya wuce shi a can, ta bar wani shuɗin ƙyalli da Pavel Cherenkov ya gano a Rasha a 1934. Amma haddin da muke magana na haske ne a sarari. Ƙwayoyi biyu masu sarƙaƙƙiyar alaƙa, waɗanda aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger lambar Nobel a kansu a 2022, awonsu yana dacewa da juna kome nisa, sai dai ba a iya ɗora musu ko harafi ɗaya na saƙo. Takiyon kuwa, ƙwayar da Gerald Feinberg ya raɗa wa suna a 1967, wadda aka ƙaddara cewa tun asalinta a hayin haddin take, ba a taɓa kama ko alamarta ba.

Ƙofar da ta rage a buɗe kaɗan tana cikin nazariyyar Einstein ta biyu, ta 1915, wadda ta nuna cewa makani da zamani su kansu suna tanƙwaruwa, suna miƙewa, suna ƙanƙancewa. Haddin gudu ya hau kan abin da ke tafiya a cikin sarari, bai hau kan sararin ba, shi ya sa gungun taurarin da suka fi nisan tafiyar haske ta wajen shekara biliyan 14 suke nisantarmu da abin da ya fi gudun haske, saboda filin da ke tsakaninmu da su ne yake ƙaruwa. A 1994 Miguel Alcubierre, ɗan Meziko da ke karatu a Cardiff ta ƙasar Birtaniya, ya tambaya ko ana iya yin haka da gangan. A ƙaddara tururuwa a gefen tabarma tana son zuwa ɗaya gefen; in aka tattaro tabarmar ta gabanta, aka warware ta ta bayanta, sai ta iske kanta a can ba ta ɗaga ƙafa ba. Haka ya sawwala kumbo zaune cikin wani ƙoƙo na sarari, gabansa yana naɗewa, bayansa yana buɗewa, shi kuwa bai yi gudun kome ba. Mai karatu zai tuna da naɗin ƙasa da ake ba da labari cikin karamomin waliyyai, amma ina roƙo kada a cakuɗa babi da babi. Mu'ujiza da karama keta al'ada ne da ikon Mai al'adar, mu kuwa al'adar muke aunawa, kuma ban ga girmamawa ba ga Isra'i da Mi'iraji a wajen masu ƙoƙarin lissafa su da kilomita.

Lissafin Alcubierre ingantacce ne, sai dai ya kamata a san yadda aka same shi. Hisabin Einstein yana karɓar kowace irin tanƙwara aka zana masa, sannan ya faɗi irin maddar da ake bukata a samar da ita. Zana tanƙwarar ba wuya, samun maddar shi ne aiki. Abin da ya nema a nan shi ne makamashi na ƙasa da sifiri, abin da ba a san shi ba sai ɗan mitsitsi, irin wanda Hendrik Casimir ya hango a 1948 a tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu matuƙar kusanci. Michael Pfenning da Larry Ford sun ƙididdige a 1997 cewa ƙoƙon da zai ɗauki kumbo yana bukatar irin wannan makamashi fiye da nauyin dukan taurarin da ake gani. Chris Van Den Broeck ya sauya siffar ƙoƙon a 1999 ya rage adadin zuwa nauyin rana 'yan ƙalilan, wanda ragi ne babba a takarda, amma bai kusantar da abin ga hannun maƙeri ba. Matuƙin da ke ciki ma ba ya iya isar da umarni ga goshin ƙoƙonsa, domin goshin ya fi saƙonsa gudu. Mafi muni, Allen Everett ya nuna a 1996 cewa da ƙoƙo biyu irin wannan ana iya komawa jiya. Haka al'amarin yake ga ramin da ke haɗa wurare biyu masu nisa, wanda Einstein da Nathan Rosen suka zana a 1935: Kip Thorne da abokan aikinsa sun nuna a 1988 cewa riƙe shi a buɗe yana bukatar wannan baƙuwar madda, kuma in ya buɗu dauri yana biye da shi. Stephen Hawking ya yi hasashe a 1992 cewa dokokin halitta suna rushe kowace irin wannan hanya kafin ta kammala, sai dai hasashe ne, ba a kafa masa burhani ba har yau.

Hukuncina, bayan wannan duka, shi ne cewa ingiza jirmi har ya wuce haske mustahili ne a al'ada, irin al'adar da aka jarraba da tsananin da ba a jarraba wata da shi ba. Naɗe sarari ja'izi ne a hisabi kaɗai, bisa sharaɗin da ba a san ko halitta ta cika shi ba. Kowace hanya kuwa da ta kai mutum ga warware sababin samuwar saƙonsa ta shiga mustahili na hankali, ba kuma ƙarin wayo ko dukiya da zai fitar da ita.

Abin da nake ganin an yi wa rowar kulawa shi ne cewa nazariyyar da ta kafa katangar ta bar wa matafiyi wata hanya halattacciya. Kumbon da zai riƙa ƙara gudu daidai da ƙarfin da duniya ke jan mu da shi, ya yi rabin hanya a haka, sannan ya juya ya riƙa ragewa, zai kai Proxima Centauri cikin shekara 3 da rabi a agogon mutanen ciki, alhali a gida an yi kusan 6. Zai kai tsakiyar Majarra, nisan tafiyar haske ta shekara 26,000, cikin wajen shekara 20 a agogonsu, ba tare da ya wuce haske ko sau ɗaya ba, sai dai a gida shekara 26,000 ɗin sun shuɗe cif, babu wanda ya yi musu rakiya da zai ji labarin saukarsu. Cikas ɗin wannan tafiya guzuri ne. Ko da injin da ba ya asarar kome, mai haɗa madda da kishiyarta ya mai da su haske tsantsa, kowane kilo ɗaya na kaya yana bukatar kilo 38 na mai kafin a kai shi Proxima a tsaya, zuwa tsakiyar Majarra kuwa fiye da tan 700,000. Kishiyar maddar da dukan ɗakunan bincike na duniya suka taɓa ƙerawa, in an tara ta wuri guda, ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba.